Sallamar ɗan ƙwadago a Jazira: haƙƙin da doka ta tsallake

Tun 1925, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu a Sudan, wato Jazira, ta koma babbar gonar auduga. Turawan Ingila suka yanka filaye, waɗanda ake kira hawasha, suka raba wa manoma, amma mai hawasha da iyalinsa ba su isa su yi noma da tsinkar auduga su kaɗai ba. Hannun da ya cike giɓin, da yawansa daga yamma ya fito: Hausawa da Fulani da Barebari masu niyyar aikin hajji, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno. Mutum ya tsaya shekara guda don ya haɗa guzuri, sai shekara ta zama zuriya. Yau jikokinsu 'yan Sudan ne, wasu na da garuruwansu da gonakin bakin kogi, wasu malamai ne, wasu 'yan kasuwa. Amma har yanzu akwai dubbai da abincinsu ke rataye a kan aikin kaka: auduga da gyaɗa da alkama a Jazira da Manaƙil, riɗi da dawa a manyan gonakin damina na wajen Damazin.

To idan mai gona ya wayi gari ya ce wa irin wannan ma'aikaci ya tattara nasa ya nasa, aiki bai ƙare ba, kuɗi bai cika ba, ina zai kai kuka?

Dokar ƙwadago ta Sudan ta 1997 ba ta rasa tanadi ba. Ta ce kwangilar da ta wuce wata uku a rubuta ta. Mai karɓar albashi wata-wata a ba shi sanarwar wata guda kafin sallama, ko a biya shi kuɗin wannan wata. Wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, ko a mayar da shi bakin aiki ko a ba shi diyyar albashin wata shida. Sai dai tun a farkonta dokar ta jera waɗanda ba ta shafa ba, kuma ma'aikatan gona na cikinsu, tare da 'yan aikin gida da masu aikin ɗan lokaci. Ta ware direban tarakta da makanike, da ma'aikacin injin gurzar auduga, da akawu da mai tsaron sito, ta ce su tana kare su. Ma'ana, matar da ta yini a sunkuye tana tsinkar auduga ba ta da ƙofa a ofishin ƙwadago, amma wanda ya karɓi audugar nan a bakin inji yana da ita. A ganina wannan rarrabewa ba ta da hujja. Gumin duka ɗaya ne.

Ba Sudan kaɗai ke haka ba. A Najeriya, wanda bai wuce wata uku a aiki ba, sanarwar kwana ɗaya ce kawai doka ta ba shi. Hatta yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1982 kan sallamar ma'aikata ta bar wa ƙasashe damar cire masu aikin wucin gadi.

Abin da ya sa na Jazira ya fi ciwo shi ne kambo. Kambo, jam'insa kanabi, shi ne zangon ma'aikata da ke gefen gona ko bakin magudanar ruwa, inda mutanen Darfur da Hausawa da sauran 'yan yamma suka zauna shekaru aru-aru ba tare da takardar fili ba. A wurare da dama babu makaranta, babu asibiti, ruwan sha ma na magudana ne. Wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, in ya yi jayayya da mai gona, ba ladan mako kaɗai yake caca da shi ba, har da rufin kansa. Shi ya sa da yawa ke haɗiye zalunci su ce Allah ya isa. Ga kuma gorin baƙunta: rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya rutsa da Hausawa ya ci ɗaruruwan rayuka, ya taso ne a kan sarauta da mallakar ƙasa. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kai Wad Madani, babban birnin Jazira, a watan Disamban shekarar, ya tarwatsa manoma da ma'aikata da kotuna gaba ɗaya.

Duk da haka ɗan ƙwadago ba a hannu rabbana yake ba. Fita daga dokar ƙwadago ba ta goge alkawari. Dokar mu'amaloli ta 1984 tana nan, kuma a fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure, ijara ƙulli ne mai lizimta: wanda aka ɗauka zuwa wani wa'adi, ya gabatar da kansa ga aiki, aka sallame shi babu uzuri, ladansa bai faɗi ba. Mai aikin jinga kuwa yana da haƙƙin gwargwadon abin da ya kammala. Matsalar ita ce hujja, domin ciniki da baki ake yi a kan kunya. Nan ne dabara take: a yanke farashi a gaban shaidu biyu, a faɗi girman gonar da ranar biya, a rubuta ko da a bayan allo ne ko a naɗi murya a waya, kuma kar a bari kuɗi ya taru sai ƙarshen kaka. In rigima ta taso, zaman sulhun dattawa da ake kira judiyya ya fi kotu sauri, amma shi ma shaida yake nema.

Kira na ga sarakunan Hausawa da limamai na waɗannan ƙauyuka shi ne su mayar da shaidar ciniki al'ada, kar ƙungiyar ma'aikata ta shiga gona sai an yi ta. Ga waɗanda za su sake rubuta dokokin Sudan bayan yaƙi kuwa, a shigar da ma'aikacin gona cikin dokar ƙwadago, a kuma ba mazauna kanabi takardun filayen da suke zaune a kai.