Hawa ke cin numfashi, sauka ke cin tsoka: abin da gudun tsaunukan Ingila ke yi wa jiki

A arewa maso yammacin Ingila akwai wani yanki da ake kira Lake District, ƙasa ce ta tafkuna da tsaunuka da tumaki, ga ruwan sama kusan kullum. Mutanen wurin suna ce wa tsaunukansu "fell", kalmar da suka gada daga harshen tsofaffin mutanen Sikandinebiya da suka zauna a yankin sama da shekara dubu da suka wuce. Tun ƙarni na 19 suke da wani wasa a ranar bikin ƙauye: makiyaya da masu yi wa baƙi jagora a kan duwatsu su jeru a fili, a ba su alama, su haye tsaunin da ke bayan gari a guje, su zagaya tuta a can ƙololuwa, su gangaro. Wanda ya riga dawowa shi ke da kyauta. Har yau ana yin wannan tseren a bikin wasanni na ƙauyen Grasmere. A 1970 aka kafa ƙungiyar da ke kula da wasan, Fell Runners Association, wadda ta rarraba tsere aji-aji. Kafin tsere ya shiga ajin farko, sai ya zamana a kowace kilomita ana hawan aƙalla mita 50.

Tsaunukan nan fa ba wasu dogaye ba ne. Scafell Pike, wanda ya fi kowanne tsawo a Ingila, mita 978 ne kacal. Wahalar tana cikin maimaici: ka hau, ka sauko, ka sake hawa, a kan ciyawa mai santsi da taɓo da tsakuwa, galibi babu hanyar da aka shata maka sai taswira da kamfas. Misalin da ya fi shahara shi ne zagayen Bob Graham. A 1932 wani mai gidan saukar baƙi a garin Keswick, Bob Graham, ya taka ƙololuwa 42 ya dawo inda ya tashi cikin awa 23 da minti 39. Yadda ake yin zagayen a yau, nisansa ya kai kimanin kilomita 106, hawan da ke ciki kuma idan an tara shi ya kai mita 8,200. Akwai wani tsohon lissafi na masu yawon duwatsu da William Naismith ya fitar a 1892: ka ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, ka ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Da wannan lissafin, mai tafiya lafiyayye zai ci wajen awa 35 a zagayen, ba tare da ya tsaya ko shan ruwa ba. Billy Bland ya yi shi cikin awa 13 da minti 53 a 1982, kuma sai da aka shekara 36 kafin Kilian Jornet ya karya wannan tarihin da awa 12 da minti 52.

To, tunda inda aka tashi nan ake dawowa, duk mita 8,200 da aka hau sai an sauko ta. Mu da ba ma wannan gudun, hankalinmu kan tafi ga hawan. Su kuwa masu yin sa, saukowar suka fi yi wa shiri, kuma ita ce ke hana su sauka daga matakalar bene bayan kwana biyu.

Kuɗin hawa

Bari mu fara da ɓangaren da ba shi da ruɗani. Ɗaga mutum mai nauyin kilo 70 zuwa tsawon mita 8,200 aiki ne na jul miliyan 5.6 (nauyi sau ƙarfin janyowar ƙasa sau tsawo, lissafin sakandare). Amma tsokar ɗan Adam ba inji mai tattali ba ce: kashi ɗaya cikin huɗu kawai na makamashin da ta ƙona ke zama aiki, sauran ya tafi a zafi. Ka ninka sau huɗu kenan, ya zama wajen kalori 5,400 na abinci, a kan hawan kaɗai, ba a sa nisan tafiyar ba. Wannan ya ninka abin da babban mutum ke ci a yini fiye da sau biyu.

A 2002 wani masani ɗan Italiya, Alberto Minetti, da abokan aikinsa suka ɗora ƙwararrun masu gudun dutse su 10 a kan injin gudu da ake iya karkata shi sama ko ƙasa, suna auna iskar oksijin da suke shaƙa. A shimfiɗaɗɗen wuri, kowace mita ta gudu tana cin jul 3.4 a kan kowane kilo na nauyin jiki. Da aka karkata injin zuwa hawan kashi 45 cikin ɗari, wato ka tashi mita 45 a duk mita 100 da ka ci gaba, sai kuɗin ya haura jul 18.9. Ninki biyar da rabi. Shi ya sa idan ka kalli hoton tseren nan za ka ga zakarun ma tafiya suke yi a wurare masu tsini, sun sunkuya, hannu a kan gwiwa suna tura ƙafa. Ba gazawa ba ce. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Colorado a Amurka a 2016 ya nuna cewa idan hawa ya kai digiri 16 ko ya wuce, tafiya ta fi gudu arha a wajen makamashi, ko da saurin tashi sama ɗaya ne.

Arhar da ke da tsada

Abin mamakin yana ɓangaren gangara. A wancan binciken na Minetti, gangaren kashi 20 cikin ɗari ya ci jul 1.7 kawai, rabin na shimfiɗaɗɗen wuri. Ko a gangaren kashi 45, inda mutum ke ta faman riƙe kansa, kuɗin bai wuce jul 3.9 ba. A wajen huhu da zuciya dai, saukowa kusan hutu ce. To me ya sa ita ke karya cinya?

Amsar tana cikin yadda tsoka ke aiki. Tsoka ja kawai ta iya, ba ta iya turi ba, amma ja iri biyu ne. Idan kana hawa, tsokar gaban cinya tana ja tana gajarcewa, ta miƙe gwiwa ta ɗaga ka. Idan kana sauka, ita dai wannan tsokar ce ke ja, sai dai a lokacin nauyin jikinka yana lanƙwasa gwiwar da ƙarfi, yana miƙar da tsokar alhali tana ƙoƙarin riƙewa. Aikin birki take yi. Ka tuna mai ɗiban ruwa a rijiya: jawo guga cike sama aiki ɗaya ne, zura shi ƙasa a hankali ba tare da igiyar ta suɓuce ba wani aikin ne daban, duk da hannu ɗaya ke yin su.

An daɗe da sanin aikin birkin nan ba ya cin iska. A 1952 a Landan, Abbott da Bigland da Ritchie suka haɗa kekuna biyu baya da baya da sarƙa guda. Ɗaya yana tuƙa gaba, ɗayan ƙafafunsa na kan feda yana hana ta juyawa da sauri. Ƙarfin da ke bi ta sarƙar ɗaya ne a wajen su biyun, amma mai tuƙin ya riƙa shaƙar oksijin ninkin-ba-ninkin na mai birkin. Dalili kuwa, zaren tsoka ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba idan ana miƙar da shi, don haka ƙwaƙwalwa zare kaɗan take tasa su yi aikin. Zare kaɗan, mai kaɗan. Sai dai kuma kayan da ya kamata a raba wa mutum goma an jibga wa uku.

Kowane zaren tsoka jerin ƙananan gaɓoɓi ne dubbai a layi, kamar sarƙa, masana na kiran su sakomiya. Ba duka ƙarfinsu ɗaya ba. Idan aka miƙar da zaren da ƙarfi yana cikin ja, waɗanda suka fi rauni su ke fara sakin jiki, su miƙe fiye da ƙima, wasu ba sa komawa daidai. Ka maimaita haka taku dubbai. Fatar da ta lulluɓe zaren ta soma tsagewa, sinadarin kalsiyam ya kwarara inda bai kamata ba, wasu sinadaran cikin tsoka kuma su zubo cikin jini, har likita na iya auna su. Ga kuma dukan ƙasa. Gottschall da Kram sun auna a 2005 cewa a gangaren digiri 9 kawai, ƙarfin da ƙafa ke bugun ƙasa da shi a farkon taku ya ƙaru da kashi 54 cikin ɗari, ƙarfin birki kuma da kashi 73. Digiri 9 kuwa wasan yara ne a wajen masu gangarowa daga Scafell Pike.

Abin da ke biyo baya kowa ya san shi, tsamin jiki. Ba ya zuwa nan take. Yakan fara washegari, ya kai maƙura tsakanin awa 24 zuwa 72, lokacin da jiki ya turo ƙwayoyin gyara wurin, ya kumbura, jijiyoyin jin zafi suka zama ko taɓa su aka yi sai sun yi ƙara. Alhazan da suka hau Jabalun Nur zuwa kogon Hira sun san labarin: a ranar haki ne kawai, sai bayan kwana biyu zaman tahiya ya gagara. Yawancin wannan tsamin a hanyar dawowa aka kwaso shi.

A nan ne nake son mu binne wata magana da har yanzu ake ji a filayen motsa jiki, wai latik asid ne ya taru a tsoka. Tun 1983 Schwane da abokan aikinsa suka gwada: mutane suka yi gudun minti 45 a shimfiɗe, sinadarin ya tashi a jininsu, amma jikinsu bai yi wani tsami ba. Suka yi na gangara, sinadarin bai tashi ba, jiki kuwa ya yi tsami sosai. Ballantana ma, jiki na share shi daga jini cikin kamar awa guda bayan an tsaya. Abin da ya tafi tun ranar Asabar ba shi zai hana ka tsugunawa ranar Litinin ba.

Labari mai daɗi shi ne tsoka na koyon darasi da wuri. A wani gwaji na 1985, waɗanda suka yi gudun gangara sau ɗaya tak, da aka maimaita musu bayan mako 3 ko mako 6, tsamin ya ragu ƙwarai. Waɗanda aka bari har mako 9 kuwa kariyar ta gushe. Har yanzu masana na ja-in-ja a kan ko sababbin gaɓoɓi tsokar ke ƙarawa, ko ƙwaƙwalwa ce ke koyon raba kayan ga zare da yawa, ko duka biyun. Ko ma wanne ne, wannan na cikin abin da ya sa ɗan tseren kwalta mai huhun doki kan sha kashi a hannun makiyayi. Joss Naylor, wanda ya rasu a 2024, kiwon tumaki yake yi a kwarin Wasdale, kullum yana sama yana ƙasa. A 1975 ya taka ƙololuwa 72 cikin ƙasa da awa 24. Gwanayen sauka kuma ba sa yawan taka birki. Sukan ɗan karkata gaba, su yi taku gajeru masu sauri, hannuwa a buɗe, ido na can 'yan taku gaba yana zaɓen wurin sa ƙafa. Mai tsoro shi ke jingina baya ya kafa dunduniya, kuma shi ya fi ba cinyarsa aiki. Abin haushi, wanda ya fi taka-tsantsan shi ya fi jin jiki.

Abu ɗaya dai kada a ɗauke shi tsamin jiki na yau da kullum: idan bayan irin wannan wahala fitsari ya koma kalar shayi ko lemon kola, ga kumburi da kasala, alama ce tsoka ta farfashe da yawa har abin da ta zubar na barazana ga ƙoda. Asibiti ake tafiya a ranar.

Inda abin ke zama batun rai

Cinyar da ta mutu a tsakiyar gari, abin dariya ce. A kan tsauni kuwa tana iya kashe mutum, ta hanyar sanyi. Ka tuna kashi uku cikin huɗu na makamashin nan zafi yake zama. Mai gudu murhu ne, yana fitar da zafi wajen ninki goma na wanda ke zaune, shi ya sa za ka gan shi da singileti da gajeren wando cikin ruwa da iska bai damu ba. Da zarar ƙafa ta ƙi, ko ya gurɗe, ko hazo ya rufe ya ɓata hanya ya koma tafiyar hawainiya, murhun ya mutu, rigar kuma a jiƙe take. Ruwa na kwashe zafi sau 25 fiye da iska, sannan duk hawan mita 1,000 yanayi na sauka da kimanin digiri 6.5. Idan zafin cikin jiki ya faɗo ƙasa da digiri 35, tunani ya fara rikicewa, yatsu su kasa jan zif, mutum ya kasa karanta taswirar da za ta fitar da shi.

A watan Maris na 1964 matasa 'yan sikawut 3 suka mutu a gasar tafiya ta Four Inns a tsaunukan Peak District, can kudu da Lake District. Griffith Pugh, likitan da ya yi aiki da tawagar da ta fara hawan Everest a 1953, ya bi diddigin lamarin, ya nuna cewa tufafin da suka jiƙe, iska na kaɗa su, sun rasa mafi yawan ɗumin da suke riƙewa, kuma gajiya ce ke sa mutum ya kasa samar da zafin da zai cike giɓin. Haka aka sake gani a lardin Gansu na ƙasar Sin a watan Mayun 2021, inda yanayi ya juya ana tsakiyar tseren dutse na kilomita 100, mutum 21 suka mutu cikin 172, har da fitattun zakaru.

Wannan ne ya sa dokar dogayen tseren tsaunukan Ingila ta wajabta wa kowa ɗaukar riga mai hula da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa, da hular sanyi, da safar hannu, da taswira, da kamfas, da usur, da ɗan abincin ko-ta-kwana, ko da an wayi gari rana na haskawa. Masu shirya tsere kan buɗe jaka su duba kafin a tashi ko bayan an iso, wanda aka samu babu kuma a soke sakamakonsa.