TSAKAR DA KE BANGON ƊAKINKI: Yadda Wani Farfesa Ya Shafe Shekaru Yana Ɗaukar Darasi a Wurinta

'Yar'uwa uwargida, na san idan aka ce ki lissafa halittun da ba kya ƙaunar gani a ɗakinki, tsaka da kyankyaso su ne za su zo a sahun gaba. Da zarar kin hango tsaka a bango sai neman takalmi, a rufe tukunya, a rufe randa. Ba kuma laifi kika yi ba, domin ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da kashe ta. To amma kafin takalmin nan ya sauka, shin kin taɓa tambayar kanki me ke riƙe ta a jikin silin, bayanta na kallon ƙasa, tana gudu ba ta faɗowa? Ba ta da danƙo a ƙafa, kuma idan ta wuce ta kan madubi ba a ganin ko ɗigon sawunta.

Wannan tambaya da yawancinmu ba mu taɓa yi ba, ita ce ta zama sana'ar wani malamin jami'a a ƙasar Amurka, wato Farfesa Mark Cutkosky, masanin aikin injiniya na ƙere-ƙere. Ya fara ne a matsayin mai zana injina a wani kamfanin sarrafa ƙarfen alminiyom mai suna ALCOA, daga baya ya koma karatu, ya sami digirin dakta a Jami'ar Carnegie Mellon a shekarar 1985, kuma a shekarar ce ya fara koyarwa a Jami'ar Stanford da ke Jihar Kalifoniya.

Abin da ya fara damunsa shi ne hannu. Ke da kike ɗaukar ƙwai da hannun da kike ɗaukar taɓarya, ba ki san irin baiwar da Allah Ya yi miki ba. Ba kya zama ki yi lissafin ƙarfin da za ki sa, yatsunki ne ke ji su daidaita da kansu. Shi kuwa mutum-mutumi, wato na'urar da ake ƙerawa ta yi aiki da kanta, ko dai ya matse ƙwan ya fashe, ko kuma ya kuɓuce masa. Shekarun farko na Farfesan duk a kan wannan matsala suka tafi.

A ƙarshen shekarun 1990 ne ya haɗa kai da wani masanin halittu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Farfesa Robert Full, wanda shi aikinsa shi ne sa ƙwari gudu yana ɗaukar hotonsu. Shi ne ya nuna cewa kyankyaso kan ci mita ɗaya da rabi a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kimanin tsawon jikinsa sau 50. Da irin wannan gudu, babu lokacin da ƙwaƙwalwa za ta tsaya tana tunanin inda za a aje kowace ƙafa. Ashe ƙafar ce da kanta, saboda yadda aka halicce ta da taushi a wasu gaɓoɓi da tauri a wasu, take shanye tuntuɓe ta mayar da jiki daidai. Sai Cutkosky da ɗalibansa suka fito da hanyar zuba roba mai tauri da mai taushi a cikin ƙafa guda, suka ƙera 'yan na'urori masu ƙafa shida. Ɗaya daga cikinsu, mai suna iSprawl, ta kai tana cin tsawon jikinta sau 15 a daƙiƙa. Ki lura, ko kashi ɗaya cikin uku na gudun kyankyason kicin ɗinki ba ta kai ba.

Sirrin ƙafar tsaka

A shekarar 2000 wasu masana, ciki har da Farfesa Full da wani abokin aikinsa Kellar Autumn, suka auna ƙarfin gashi guda ɗaya tal na tafin ƙafar wata babbar tsaka da ake samu a kudu maso gabashin Asiya. E, gashi na ce. Idan aka duba yatsun tsaka da madubin ƙara girma, za a ga suna lulluɓe da wasu gasu waɗanda suka fi gashin kanki siranta fiye da sau goma. A wurin da bai kai ƙwayar gero ba akwai kimanin 14,000, jimlarsu kuma a ƙafafu huɗu ta haura miliyan shida. Sannan kowane gashi bakinsa ya rarrabu gida ɗaruruwa, kamar dai bakin asuwakin da aka tauna.

To ina amfanin wannan? Allah Ya sanya a tsakanin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kowane abu wani ɗan jan juna mai rauni ƙwarai, wanda ba ya aiki sai abu biyu sun kusanci juna matuƙar kusanta. Tafin hannunki ba ya mannewa a bango domin kuwa, komai santsin da ido ke gani, fata da bango duk tudu da kwari ne, a 'yan wurare kaɗan suke haɗuwa. Su kuwa bakunan gashin tsaka, saboda ƙanƙantarsu, suna shiga kowane lungu su kwanta, sai ɗan jan nan mai rauni ya taru ya zama ƙarfi. Masanan sun tabbatar da haka a 2002. Bisa lissafinsu, da duk gasun tsaka ɗaya za su kama a lokaci guda, da sun iya ɗaukar nauyin kilo 130. Subhanallah!

Sai dai ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sakin, ba kamun ba. Ai kowa na iya haɗa danƙo mai ƙarfi, amma wa zai yi gudu da ƙafar da ta manne? Gashin tsaka yana kamawa ne kawai idan an ja shi ta fuska ɗaya, kamar yadda karammiski ke kwantawa idan kin shafa shi ta wani ɓangare, ya tashi idan kin shafa ta ɗayan. Da an karkata gashin ya kai wani mizani, sai ya saki ba tare da wani ƙarfi ba. Shi ya sa tsaka ke nannaɗe yatsunta sama kafin ta ɗaga ƙafa. Idan kin ga wata a jikin gilashin taga da daddare, ki duba da kyau.

A 2006 ɗakin binciken Cutkosky ya fito da na'urar da suka kira Stickybot, wadda wani ɗalibinsa ɗan Koriya, Sangbae Kim, ya jagoranci ƙera ta. Ta hau gilashi a miƙe da yatsun roba masu ƙananan tsinaye da suka karkata gefe guda, har mujallar Time ta sa ta cikin fitattun ƙere-ƙeren shekarar.

Ƙarfe mai tuna kamanninsa

Daga nan sai wata matsalar ta taso. Ɗan ƙaramin yanki na wannan roba yana kamawa sosai, amma da an faɗaɗa shi domin ya ɗauki babban nauyi sai ya gaza, saboda nauyin kan taru a gefe ɗaya, gefen ya ɓalle, sauran su bi. Maganin ya fito ne daga wani fanni da ake kira kaya masu wayo, wato kayan da ke sauya halinsu idan zafi ko lantarki ko nauyi ya taɓa su. Mafi shahara a cikinsu shi ne nitinol, gaurayen ƙarfen nikel da titaniyom, wanda aka gano a wani ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka a farkon shekarun 1960. Idan kin lanƙwasa wayarsa tana da sanyi, kika tsoma ta a ruwan zafi, sai ta miƙe ta koma siffar da aka fara ba ta. Ba abu ne na nesa ba. Da shi ake yin irin wayar da likitocin haƙori ke sa wa yara domin daidaita haƙora, da kuma ɗan ragar da ake zurawa a jijiyar jini idan ta toshe.

Wani ɗalibin, Elliot Hawkes, shi ya yi amfani da wata ɗabi'ar wannan ƙarfe, wato idan an ja shi ya kai wani matsayi sai ya ci gaba da miƙewa ba tare da ya ƙara tauri ba. Ya yanka robar ƙanana-ƙanana guda 24 a kowane hannu, kowace kamar kan sarki, ya ɗaure su da wannan waya yadda babu wadda za ta ɗauki fiye da rabonta. A 2014 ya hau bangon gilashi da kansa, da nauyinsa na kilo 70, abin da ke riƙe da shi kuma faifai biyu ne da ba su fi tafin hannu da yawa ba.

A 2016 kuma suka koma wajen tururuwa. Suka haɗa 'yan na'urori shida, nauyinsu gaba ɗaya giram 100, suka ja mota mai nauyin kilo 1,800 a kan daɓe mai santsi. Abin da suka gano shi ne, masu fizga ba sa iya aiki tare, domin ƙarfin wannan ba ya haɗuwa da na wancan. Masu ja a hankali, a daɗe ana ja, su ne ƙarfinsu ke taruwa. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to ashe hannu goma ma ba sa ɗauka idan kowa da lokacin da yake ɗagawa. A 2021 an gwada hannun roba irin na tsaka a tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, da fatan wata rana a riƙa kamo tarkacen taurarin ɗan'adam da suka lalace, domin a can babu iskar da za a zuƙa a kama abu, maganaɗisu kuma ba ya kama gilashi. A shekarar ce kuma suka nuna wata na'ura mai tashi da ke sauka a kan reshe da ƙafafu irin na shaho.

Na san wata za ta ce, Malama, wannan ba kwaikwayon halittar Allah ba ne? Hukuncin sassaƙa surar mai rai yana nan a wurin malaman fiƙihu, ba kuma wasa ba ne. Amma ki lura, abin da waɗannan mutane ke ɗauka shi ne yadda abu ke aiki, shi ya sa yawancin abubuwan da suka ƙera daga baya faifai ne da wayoyi, babu kai babu ido. Koyo daga dabba kuwa ya girmi kowace jami'a. Suratul Ma'ida ta ba mu labarin yadda ɗan Annabi Adamu (AS) ya koyi binne gawa daga hankaka. Akwai surori sukutum da ke ɗauke da sunan ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo. Yaranmu na Islamiyya suna haddace su da tajwidi mai daɗi, amma ki tambayi aji guda ƙafar gizo-gizo nawa, ki ji amsoshi. Kuma tun a 1206 wani injiniya Musulmi, Al-Jazari, ya kammala littafinsa a kan na'urori masu motsi da kansu a garin Diyarbakir na ƙasar Turkiyya ta yau, har da na'urar zuba ruwan wanke hannu.

Ina ruwan Wudil da wannan?

Har yanzu akwai inda tsakar gidanmu ta fi ta Stanford. Robar da suka ƙera ta fi son wuri mai santsi da tsabta, idan ƙura ta hau ta ƙarfinta kan ragu. Ita kuwa tsaka, wani bincike na 2005 ya nuna ƙafarta tana kakkaɓe dattin da kanta bayan 'yan taku kaɗan. To wa ya fi mu sanin ƙura, mu da ke shan hunturu wata uku? Wa ya fi mu sanin bangon ƙasa, ko tumatirin Kadawa da ke dagargajewa a kwando kafin ya isa kasuwa? Waɗannan tambayoyi namu ne, Ba'amurke ba zai kwana yana tunaninsu ba.

Makarantar kuma ba sai an hau jirgi ba. Tun 2001 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano ta fara aiki a nan Wudil, wadda a 2022 aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Aliko Ɗangote, kuma tana da tsangayar aikin injiniya. Sai dai ƙofar shiga ba a bakin get ɗinta take ba, tana can baya a aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba yara tsakanin kimiyya da sauran fannoni, ake kuma zana jarrabawar shiga makarantun kimiyya irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da ta 'yan mata da ke Garko. Yaron da bai ɗauki lissafi da fiziks da kemistiri a babbar sakandare ba, hanyar injiniya ta rufe masa tun yana ɗan shekara 15. Sau da yawa wannan zaɓi yana wucewa ne uwa ba ta ma san an yi shi ba, ko kuma yarinya ta bi ƙawarta kawai saboda an tsorata ta da lissafi. Idan kina da ɗa ko 'ya a wannan aji, ki tambayi maigida, ku je makarantar ku ji lokacin da ake cike takardar.

Kada kuma ki ɗauka fagen na maza ne kaɗai. Ɗaya daga cikin ɗaliban Cutkosky mace ce, Allison Okamura, wadda ta kammala digirin dakta a hannunsa a 2000, daga baya ta zama farfesa a Stanford ɗin, ta ƙware a kan na'urorin tiyata da yadda likita zai riƙa jin abin da na'ura ke taɓawa a cikin jikin majiyyaci. A 2017 ita da Hawkes suka fito da wani mutum-mutumi na leda mai laushi wanda ba ya tafiya, tsirowa yake yi daga bakinsa kamar yaɗon kabewa idan an hura masa iska. Yana kutsawa ta ƙaramar kafa, ya bi lungu ya lanƙwasa, ɗauke da kyamara a goshinsa, kuma cikin ayyukan da suka yi masa tanadi har da neman mutanen da gini ya rufta wa.