Agogon Ofis Da Ranar Manomi A Ƙasar Tambuwal Da Kebbe

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega a cikin watan Yuli, in ya iso ƙasar Tambuwal zai ga abin da muke so mu yi magana a kansa yau. Gero ya miƙe kore shar, ciyawa tana tsere da shi, babba da yaro kowa ya sunkuya da hauya. In ya ratse ya shiga wata makaranta, sai ya tarad da malami zaune gaban tulin takardun jarrabawa, ido ya yi ja wur, jiki yana aji hankali yana gona. Domin kuwa a nan da wuya a sami malami ko akawu wanda ba ya noma, tun da yake albashi kaɗai ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. Zangon karatu na uku kuma a Yuli yake ƙarewa, watau jarrabawar ƙarshen shekara da noman farko da maimai duk sun taru cikin 'yan makonni, ba kuwa wanda ke jiran wani. Damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata huɗu ba. Wanda ciyawa ta rufe wa gero a makonnin farko, to, rumbunsa zai gaya masa da kaka.

Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu ci bashin dare. A yini ana kai da kawowa, a kwana ana duba takardu da fitila, a tashi da ciwon kai, a huce haushi a kan yara ko a kan iyali. Wannan fa ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da rahoto cewa a cikin 2016 kaɗai mutum wajen 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sabo da yawan sa'o'in aiki. Sun ce mai aikin sa'a 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ɗara na mai aikin sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Malami ya zauna ya haɗa sa'o'insa na aji da na gona da na duba takardu a watan Yuli, ya ga inda lissafinsa ya tsaya.

Kafin mu zo ga dabara, akwai wani abu game da agogon da ke ɗaure a hannunmu wanda ba kowa ya lura da shi ba. Tun 1919 Nijeriya duka take bin agogo ɗaya, wanda ke gaba da na Girinwic ta Ingila da sa'a guda. An auna shi ne da layin digiri 15 na gabas, wanda ya bi ta wajen Njamena a ƙasar Cadi. Tambuwal da Kebbe kuwa ba su kai digiri 5 ba, rana kuma tana cin minti huɗu kafin ta ƙetare kowane digiri. Sabo da haka agogo yana riga rana da wajen minti 40 a nan. Sa'ad da ya buga sha biyu, rana ba ta kai tsaka ba tukuna. Ba ta yin zawali sai wajen sha biyu da minti 25 a farkon Nuwamba, a tsakiyar Fabrairu kuwa har kusan ƙarfe ɗaya. Mutumin Maiduguri yana shan ruwa da azumi fiye da rabin sa'a kafin na Kebbe, alhali agogonsu bai saɓa ba ko da minti.

To, ina amfanin wannan ga ma'aikaci? Amfaninsa shi ne ya san safiyarsa gajera ce, maraicensa ne dogo. A Yuni da Yuli rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe shida, ba ta kuma faɗuwa sai wajen ƙarfe bakwai. Wanda ya ce zai fara zuwa gona kafin ƙarfe takwas, da ƙyar zai yi kunya biyu uku ya juyo, ya iso aji a makare, a jiƙe da raɓa, ga gajiya. Amma wanda ya yi sallar la'asar ya ɗauki hauya yana da sa'a biyu da rabi na haske, rana ta yi sanyi. Takardu kuwa, ba su da lokacin da ya fi tsakanin asuba da fitowar rana, sa'ad da kai yake wasai, ba mai sallama a ƙofa. Mu dai a ganinmu, yawancin masu kukan rashin lokaci juya waɗannan biyu suka yi.

Iyayenmu ba su da agogo, amma ba su yi irin wannan kuskure ba. A tsarin gandu, mutanen gida sukan yi aikin gonar maigida tun da safe har azahar, sa'an nan kowa ya nufi gayaunarsa, wadda wasu ke ce wa kurga. Lokacin gandu na gandu ne, na gayauna na gayauna, ba a cuɗa su, shi ya sa ba a yin gardama. In kuma aiki ya fi ƙarfin gida, sai a kira gayya tun da sauran lokaci, a sa rana. Har wa yau Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bayyana a cikin Infaƙul Maisuri yadda Shehu Usmanu ya ware wa kowane aiki lokacinsa, karantarwa bayan la'asar, wa'azi ga jama'a daren Juma'a. Tambuwal kuwa garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu ne, ba baƙon wannan tarbiyya ba ne.

A ɗauki malami mai aji uku, kowane aji yara 60. In takarda ɗaya tana cin minti biyar, aikin sa'a 15 ke nan. Wanda ya bari sai ana gobe za a ba da sakamako, zai yi dare biyu ba barci, takardun ƙarshe kuma ba dubawa zai yi ba, zato zai yi, ya zalunci ɗan wani bai sani ba. In ya raba shi safiya goma, sa'a ɗaya da rabi ne kullum. Mun san wani malami a wani ƙauye na ƙasar Kebbe da ya ƙara da wata dabara: tun a watan Mayu yake ware kuɗin 'yan ƙwadago biyu na noman farko daga albashinsa, ya ɗaure su dabam, don ya san a Yuli kowa nemansu yake yi, kuɗinsu kuma tashi yake yi. Abokansa suna yi masa ba'a wai malami ya kasa hauya. Shi dai bai taɓa kai sakamakon ajinsa a makare ba.

Akawun ofis nasa ciwon dabam ne. Tun da aka rushe En'e a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, sunaye sun sake, amma tebur bai sake hali ba: baƙi ne ke cinye safiya. Wannan ya zo gaisuwa, wancan ya kawo goron suna, wani kuma hira kawai ta kawo shi. Ba mu ce a yanke zumunci ba, Allah ya kiyaye. Mutumin da ba ya zuwa jana'izar mutane ba zai zauna lafiya a gari ba. Amma suna da ɗaurin aure ba su zuwa ba zato, ana sanin ranarsu tun da wuri, sai a rubuta su a kalanda tare da ranar biyan albashi da ranar kai rahoto. Jana'iza ce kaɗai ba ta da sanarwa, don haka mai hankali ba ya cika makonsa maƙil, yakan bar wani sarari dominta.

Sauran abu ɗaya, shi ne "je ka ka dawo gobe". Akawu yana tsammani ya rage wa kansa aiki ne, alhali ya ninka shi, gama gobe zai sake neman fayil, ya sake sauraron bayani tun daga farko. Shi kuwa talakan da ya taso daga Kuchi, ko Sanyinna, ko Dogon Daji, ya biya kuɗin babur zuwa da komowa, ya bar gonarsa yini guda a tsakiyar damina. Muna ba da shawara a ware daga ƙarfe takwas zuwa goma don aikin rubutu kaɗai, a manna takarda a ƙofa kowa ya sani, daga goma zuwa azahar a saurari jama'a, a fara da wanda ya fi nisan gida. Shugabannin makarantu kuma su fitar da jadawalin jarrabawa tun farkon zango, don malamai su san makon da za su nemi 'yan ƙwadago.