Tarin da Kodin Ke Rufewa



A Turawa da ƙauyukan da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, idan saurayi ya kama tari da kaka, ba a rasa abin ɗora wa laifi: ko ƙaiƙayin sussuka, ko ƙurar hunturu. Sau da yawa hakan ne. Amma akwai ciwon ƙirjin da tushensa kwalba ce, ko leda, ko naɗin wiwi.

Kodin maganin tari ne, kuma a nan haɗarinsa yake. Tari shi ne maigadin huhu, shi ke korar duk abin da ya ɓata hanya. Kodin kuwa yana kwantar da sashen ƙwaƙwalwa mai ba da umarnin tari da numfashi. Yaro ya juye kwalba guda cikin lemo, ya shanye, ya ɓingire a shago. Numfashinsa ya ragu. Idan amai ya taso masa cikin barci, babu tarin da zai fitar da shi, sai ya gangara huhu ya zama namoniya. In ya haɗa da tramadol ko ƙwayar barci, numfashin na iya tsayawa ɗungurungum.

Abin ba ƙarami ba ne. A 2017 an shaida wa Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe kusan miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. A watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Sai dai cinikinsa ya koma bayan fage.

Sholisho, gam ɗin facin taya da ake matsawa a leda a kafa hanci, yana ƙona hanyoyin iska. Hayaƙin wiwi na kawo majina da tarin da ba ya jin magani. Shisha ma, da ƙamshin tuffa ya sa ake raina ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2005 cewa zama guda na iya kai hayaƙin karan sigari 100.

Mafi tayar da hankali shi ne tarin fuka. Matasa na cunkushe a ɗaki ba taga, suna ba juna hayaƙi, wani na tari a tsakiyarsu. Mai cutar ya sha kodin, tari ya lafa, a ɗauka sauƙi ya samu, alhali yana ramewa, yana jiƙa shimfiɗa da gumi cikin dare, yana shafa wa ƙannensa.

Duk tarin da ya kai mako 2 yana bukatar gwajin majina. Gwajin da maganin wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati, har da Asibitin Zana a birnin Kano. Ma'aikacin lafiya na bukatar sanin abin da yaro ke sha, ko da iyaye na jin nauyin faɗa. Ga wanda shaye-shayen ya yi wa katutu kuma, akwai makarantar gyaran tarbiyya ta gwamnatin Kano a Ƙiru, maƙwabciyar Ƙaraye.