Kafin ka canja bakin salansa: abin da ya kamata mai ƙaramar motar gudu ya sani

A garuruwan Turai da Amurka da Japan, matashin da ya sayi ƙaramar motar gudu ta hannu kamar Honda Civic Type R ko Mazda MX-5 ko Toyota GT86 ba ya daɗewa bai fara yi mata gyare-gyare ba. Bayan tayoyi da matatar iska, abin da ke biyo baya shi ne bakin salansa, wato bututan da ke manne da inji suna kwashe hayaƙi daga kowace silinda. Masu Faransanci na kiransa kolekta, masu Ingilishi kuma heda. Ƴan Nijar da ke ci-rani a waɗannan ƙasashe ba a bar su a baya ba, wasu ma har sukan turo irin waɗannan kaya gida. Sai dai wannan ƙarfe na cikin waɗanda aka fi yin asarar kuɗi a kansu, domin da yawa suna zaɓe ne da ƙara da ƙyalli.

Aikin da yake yi

Yawancin injinan fetur masu silinda huɗu suna tashi ne a jere kamar haka: 1, 3, 4, 2. Duk lokacin da bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe, hayaƙin na fita da ƙarfi a dunƙule, ya bar wani gurbi mai ƙarancin matsi a bayansa. Idan tsawon bututu da faɗinsa sun dace, wannan gurbi yana zuƙo ragowar hayaƙin da ke cikin silinda, ya ba sabuwar iska da fetur wurin shiga. Daga nan ƙarin ƙarfin yake zuwa.

Wanda kamfani ke sakawa a yawancin motoci gajere ne, sau da yawa na ƙarfen zubi, an yi shi don arha da ƙarko da rage ƙara, da kuma saurin ɗumama tukunyar tace hayaƙi da ake kira katalizo. Na kasuwa kuwa yana ba kowace silinda dogon bututunta. Abin lura shi ne wannan zuƙowa ba ta aiki a kowane gudun inji. Kowane tsari yana da inda ya fi ƙarfi, da inda yake raguwa.

4-1 ko 4-2-1

A tsarin 4-1, bututan huɗu suna haɗuwa wuri ɗaya lokaci guda. Amfaninsa ya fi fitowa idan inji ya hau sama sosai. Civic Type R da aka ƙera a Swindon ta Ingila tsakanin 2001 da 2005 misali ce mai kyau: injinta na lita 2 yana ba da ƙarfin doki 200 ne a zagaye 7,400 a minti. Wanda ke kai irin wannan mota filin tsere, inda allurar inji ba ta sauka ƙasa, shi ne 4-1 zai yi wa rana.

A tsarin 4-2-1 kuwa, ana haɗa silinda ta 1 da ta 4, ta 2 da ta 3, sannan biyun su koma ɗaya. An zaɓi wannan haɗi ne saboda silindojin da aka gama ba sa tashi a jere, don haka hayaƙin ɗaya ba ya tare wa ɗayar hanya. Sakamakonsa shi ne ƙarfin ja a tsakiya, inda mai zuwa aiki da dawowa yake tuƙi kullum. Kamfanin Mazda da kansa ya ɗauki wannan tsari a injinansa na Skyactiv-G, domin ya taimaka masa kai matsin silinda zuwa 14:1 ba tare da inji na ƙwanƙwasa ba.

Haka batun faɗin bututu. Mutane da yawa na ɗaukar cewa babba shi ne mai kyau. A ƙaramin inji, bututu mai faɗi fiye da kima yana rage saurin hayaƙi, zuƙowar ta mutu, mota ta yi nauyi wajen tashi daga danja duk da ƙarar da take yi.

Toyota GT86 da ƴar uwarta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012, sun nuna wani zaɓin. An san injinsu da raguwar ƙarfin ja a wajen zagaye 4,000, kuma canja heda tare da daidaita kwamfutar mota na cikin hanyoyin da masu su ke cike wannan giɓi. A nan ana zaɓe tsakanin bututai masu tsawo ɗaya da masu tsawo daban-daban. Na farko sun fi tsara tafiyar hayaƙi, na biyu su ne ke ba da gurnanin da aka san tsofaffin Subaru da shi.

Ba kowace mota ce ke buƙata ba

Duk wannan bayani ya shafi injin da ba shi da turbo. Volkswagen Golf GTI ta koma turbo zalla tun ƙarni na biyar, kuma a Golf 7 an zuba hanyoyin hayaƙin a cikin kan inji, don haka babu heda da za a kwance. Civic Type R ma ta koma turbo tun 2015. Mai irin waɗannan motoci da aka ce a sayar masa da heda, ya sake duba abin da ake nufi kafin ya biya.

Doka ta fi tsada

A motoci da dama, katalizo yana cikin bakin salansa ne ko dab da shi. Heda masu arha da yawa suna cire shi gaba ɗaya, shi ya sa ake rubuta musu cewa na filin tsere ne kawai. Wannan tukunya mai ɗauke da ƙarafa masu tsada, filatinom da faladiyom da rodiyom, ita ce ke rage gubar da ke cikin hayaƙi.

A Jamus, kayan da aka saka wa mota dole ya zo da takardar amincewa irin ta ABE, ko a kai shi TÜV ko DEKRA su duba su shigar da shi cikin takardun mota. In ba haka ba, izinin motar na hawa titi yana iya faɗuwa, abin da ke jawo matsala da kamfanin inshora idan aka yi haɗari. A Faransa, mota na zuwa bizit idan ta cika shekara huɗu, sannan duk bayan shekara biyu, kuma ana auna hayaƙi. A Amurka dokar tarayya ta hana taɓa na'urorin tace hayaƙi a motar titi, jihar Kalifoniya kuma tana neman lambar amincewa ta hukumar CARB a kan kayan. Ga baƙon da ke lallaɓa takardun zamansa, tara da ƙwace mota ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma kwamfutar mota. Na'urar auna oksijin da ke bayan katalizo tana gane an cire shi, sai fitilar inji ta kama, yawanci da lambar P0420. Ko da an bar katalizo, ba a cin cikakkiyar moriyar heda sai an sake daidaita fetur da wuta a kan na'urar gwajin ƙarfi. Wannan kuɗi ne na daban da ya kamata a lissafa tun farko, tare da sabon gasket da kusoshi da ladan bakanike. Heda shi kaɗai a injin da ba a taɓa ba, ƙarin da yake bayarwa kaɗan ne.

Ƙarfe da walda

Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 shi ne aka fi amfani da shi a kaya masu kyau. Mai lamba 409 ya fi arha amma yana yin tsatsa a sama, 321 kuma ya fi jure zafi. A duba kaurin farantin da ke manne da inji, domin siriri yana lanƙwashewa da zafi ya fara yoyon hayaƙi. A leƙa cikin bututan a ga ko walda ta toshe hanya. A tabbata akwai gaɓa mai lanƙwasa, kuma robobin da ke riƙe inji ba su mutu ba, domin injin da ke girgiza shi ne ke tsaga heda.

Ga masu turowa gida

Wanda zai aiko da kaya Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ya kula da abubuwa uku. Motocin Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, namu a hagu, kuma a wasu motoci heda na ɓangare ɗaya yana karo da sandar sitiyari a ɗayan. Na biyu, dogon heda yakan sauko ƙasa da na asali, hanyoyinmu kuwa da ramuka da tudun rage gudu. Na uku shi ne zafi: siririn bututu yana fitar da zafi fiye da ƙarfen zubi, kuma a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, wayoyi da robobin da ke kusa da shi suna buƙatar garkuwa.

Ga motar da ake hawa kullum, 4-2-1 mai katalizo da takardar amincewa, wanda aka ƙera wa wannan injin takamaimai, shi ne zaɓin da ba a cika yin da-na-sani a kansa ba. A kuma ajiye na asali a ɗaki, domin ranar bizit ko ranar sayar da mota za a neme shi.