Birkin Hannu: Jirgi Na Ƙara Tsawo, Hannaye Na Raguwa

Duk wanda ya taɓa bin tirela a hanya mai hawa ya san abin da ke faruwa idan ta tsaya a tsakiyar tudu. Kafin direba ya gama jan birki, karen mota ya diro da weji a hannu, ya cusa shi a bayan taya. Birkin motar lafiyarsa ƙalau, amma da iska yake aiki, kuma kowa a harkar ya san iska ba ta da amana. Tana tsayar da mota nan take, sai dai riƙe ta har gari ya waye wani aiki ne daban.

Haka abin yake a jirgin ƙasa, sai dai nauyin da ake magana a kai ya kai tan dubu goma ko fiye. Taragon kaya yana da birki iri biyu. Na iska, wanda direba ke sarrafawa daga kan jirgi, shi ke rage gudu ya kuma tsayar. Na hannu kuwa wani zagayayyen ƙarfe ne mai kama da sitiyarin mota, a maƙale a ƙarshen tarago ko a gefensa. Idan aka juya shi, giya ta naɗe sarƙa, sarƙa ta ja sandunan da ke ƙarƙashi, su kuma su danna takalman birki a jikin ƙafafun tarago. Wannan ba ruwansa da inji ko iska. Yadda ka ɗaure shi, haka za ka dawo ka same shi.

Shekara da shekaru ana yi wa wannan ƙarfe kallon ragowar zamanin da. Kamfani zai yi odar taragai ɗari biyar, a yi ta muhawara kan yawan kayan da za su ɗauka da irin ƙarfen jikinsu, a zo kan birkin hannu a ce a sa duk wanda ya cika ƙa'ida kuma ya fi araha. Daga shekarar 2013 zuwa yau wannan kallo ya sauya, musamman a Kanada da Amurka.

Tun asali ma birkin hannu shi ne birki. A ƙarni na 19 a Amurka, idan direba ya busa usur, ma'aikatan birki ne ke hawa rufin taragai jirgi na tafe, suna tsallakawa daga wannan zuwa wancan suna murɗa sitiyari, ko ruwa ake ko ƙanƙara. Waɗanda suka faɗo suka mutu ba su ƙirguwa. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869, ya inganta shi a 1872 ta yadda idan jirgi ya tsinke birki zai kama da kansa, amma kamfanoni suka yi ta jan ƙafa saboda kuɗi har sai da majalisar Amurka ta tilasta musu da doka a 1893. A Birtaniya jini ne ya kawo dokar. Ranar 12 ga Yuni 1889, wani jirgin da ya kwaso yara 'yan makarantar coci da iyayensu ya kasa hawa tudu a kusa da Armagh, a Ireland. Aka raba shi biyu, aka bar taragai goma na baya a kan birkin hannu ɗaya da duwatsun da aka tura ƙarƙashin ƙafafu. Da kan jirgin ya ɗan ja baya ya bugi taragan, duwatsun suka murƙushe, taragan suka gangara suka yi karo da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu. Shekarar ba ta ƙare ba aka wajabta birki mai kama kansa a duk jirgin fasinja.

Daga nan aka rage wa birkin hannu matsayi, ya koma na ajiya kawai. Kuma abin da aka rage wa matsayi, an rage masa kulawa.

Daren 5 ga Yuli 2013, wani jirgi mai taragan ɗanyen mai 72 ya tsaya a Nantes, a lardin Quebec na Kanada, a kan babban layi, a wurin da ke da gangara. Direban shi kaɗai ne a jirgin, domin kamfanin Montreal, Maine and Atlantic ya koma tsarin mutum ɗaya. Ya ɗaure birkin hannu bakwai, ya gwada ya ga jirgi bai motsa ba, ya bar inji ɗaya a kunne don ya ci gaba da hura iska, ya tafi masauki. Kuskuren da ke cikin gwajin shi ne birkin iskan kawunan jirgin yana kame a lokacin, don haka ba birkin hannun ne kaɗai ke riƙe da nauyin ba. Can cikin dare wuta ta tashi a injin, 'yan kwana-kwana suka zo suka kashe ta, suka kuma kashe injin kamar yadda aikinsu ya tanada. Iska ta fara zurarewa a hankali. Wajen ƙarfe ɗaya na dare jirgin ya fara mirginawa, ba kowa a ciki, ba fitila. Ya ci kilomita 11 yana ƙara gudu, ya shiga tsakiyar garin Lac-Mégantic da gudun kilomita 105 a awa, taragai 63 suka kauce a kwana. Kusan lita miliyan shida ta mai ta malale ta kama wuta, mutum 47 suka mutu.

Wani adadi a rahoton hukumar binciken haɗurran sufuri ta Kanada, wanda ya fito a Agustan 2014, shi ya fi tsaya mini a rai. Dokar kamfanin ta ce a ɗaure aƙalla tara. Masu bincike suka ce abin da zai riƙe wannan jirgi a wannan gangara shi ne tsakanin 17 zuwa 26, gwargwadon ƙarfin da aka sa wajen murɗawa. Wato ko da direban ya bi adadin da ke takarda, jirgin zai tafi. Sannan tazarar nan ta 17 zuwa 26 tana nuna cewa "an ɗaure birki" magana ce marar ma'auni. Ma'aunin masana'anta a Amurka yana ɗauka cewa za a sa ƙarfin fam 125 a bakin sitiyari mai faɗin inci 22. To wane ne yake tafe da sikeli a aljihu? Murɗin ƙato da safe daban, murɗin dattijon da ya yi awa goma a bakin aiki daban, murɗin sitiyarin da ya shekara biyar bai ga man giris ba kuma daban. A Janairun 2018 kotu ta wanke direban da abokan aikinsa biyu daga tuhumar sakaci, kuma mutanen garin da yawa sun ce dama ba su ne ya kamata a gurfanar ba.

Tushen matsalar yana cikin lissafin riba. Manyan kamfanonin jiragen kaya na Arewacin Amurka sun rungumi tsarin da marigayi Hunter Harrison ya yi suna da shi: jirage kaɗan amma dogaye, ma'aikata kaɗan, filayen haɗa taragai kaɗan. Jirgi mai tsawon kilomita uku ya zama ruwan dare. A da mutum biyar ne a jirgin kaya, har da masu zama a taragon ƙarshe. Yanzu biyu ne, kuma kamfanoni na neman a mayar da shi ɗaya, abin da ya sa hukumar jiragen ƙasa ta Amurka ta fitar da doka a 2024 cewa a bar biyun. Birkin iska bai damu da wannan sauyi ba, domin hannu ɗaya a kan madanni ya ishi tarago ɗari biyu. Birkin hannu kuwa sai an taka a ƙafa, tarago bayan tarago, a kan tsakuwar da ke zamewa, a hau matakala, a riƙe ƙarfe da hannu ɗaya a murɗa da ɗayan, a sauko, a wuce na gaba. In an tashi tafiya a sake bi a kwance su duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar aka yi ta ƙara wa girma ana sallamar masu tayawa.

Bayan Lac-Mégantic, Kanada ta fito da jadawali mai faɗin adadin birkin da za a ɗaure bisa nauyin jirgi da tsananin gangara, ta wajabta gwaji na gaskiya wanda ake sakin iska gaba ɗaya a gani, ta kuma ce a ƙara da wata kariya ta zahiri, kamar ƙarfen da ake ɗorawa a kan dogo don ya kautar da tarago in ya gudu. Amurka ma ta ba da umarnin gaggawa a Agustan 2013. Dokoki ne masu kyau. Sai dai duk abin da suka ƙara, a wuyan mutumin nan ɗaya suka ƙara shi.

Fabrairun 2019 ya nuna iyakarsu. A tsaunukan British Columbia, kusa da garin Field, jirgin hatsi mai taragai 112 ya tsaya da birkin gaggawa a gangara mai tsanani, cikin sanyin da ya wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Sanyi yana ƙanƙance robobin da ke toshe iska. Jirgin ya yi fiye da awa biyu a tsaye ba a ɗaure birkin hannu ba, sabbin ma'aikata uku suka karɓi aiki, jirgin ya tashi da kansa, ya faɗa da su. Duka ukun suka rasu. Watanni uku kafin nan, a yankin Pilbara na Ostireliya, jirgin tama na kamfanin BHP mai taragai 268 ya yi tafiyar kilomita 92 ba direba, har sai da aka kautar da shi da gangan daga ɗakin sarrafawa. Direban ya sauka duba wata matsala, an kuma turo masu taya shi ɗaure birki, amma suka je suka ɗaure na wani jirgin daban da ke tsaye a kusa. Abin dariya ne in ba ka tuna nauyin da ke gudu ba.

Wannan ya sa tambayar mai sayen birki ta sauya. Da can ƙarfi da farashi ake tambaya. Yanzu ana tambayar inda za a maƙala shi, da ko mutum zai iya kai masa hannu yana tsaye a ƙasa. Tun 1966 Amurka ta daina ƙera taragai masu hanyar tafiya a rufi, aka sauko da sitiyarin ƙasa-ƙasa, kuma a Turai an saba sa shi a gefen tarago. Wata doguwar sanda mai ƙugiya a baki, wadda ma'aikaci ke saƙalawa a sitiyari ya juya ba tare da ya hau ba, ta zama kayan aiki na yau da kullum a kamfanoni da dama, saboda faɗowa daga matakala da ciwon baya da kafaɗa suna cikin raunukan da aka fi samu. Giya mai ƙara ƙarfi tana taimakon mai raunin hannu, amma tana ƙara yawan juyi, kuma juyi lokaci ne. Birki mai ƙarfi da yawa a kan tarago marar kaya yana iya ƙame ƙafa ta riƙa jan ciki. Hatta irin takalmin birkin yana shiga lissafi, domin na baƙin ƙarfe da na roba mai gauraye ba kamu ɗaya suke yi ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba ya fitowa a labarai amma ya fi cin kuɗi kullum: birkin da aka manta ba a kwance ba. Jirgi ya ja tarago da birki a ɗaure, ƙafar ta goge a wuri ɗaya ta yi faƙo. Daga nan duk juyi sai ta daki dogo kamar guduma, kas-kas-kas ɗin nan da ake ji idan jirgin kaya na wucewa, tana lalata dogon, tana lalata kanta, har a cire ta. Yawan birkin da doka ta ce a ɗaure, yawan wanda za a manta. Shi ya sa kasuwar ƙananan kayan haɗi ta buɗe: hannun da ake ja sau ɗaya sarƙa ta saki gaba ɗaya, fenti mai haske a kan sarƙa ko wata alama da ke nuna a ɗaure yake ko a sake ko daga nesa, na'urorin gefen layi masu gano ƙafar da ta yi zafi, da ƙananan na'urori masu aika saƙo zuwa ofis. A ganina alamar nan mai araha ta fi yawancin na'urorin amfani, domin mai tocila a hannu da tsakar dare ita zai gani.

Maganin da ya fi dacewa an san shi. A rahotonta na 2022 kan haɗarin Field, hukumar binciken Kanada ta ba da shawarar a sa wa taragan kaya birkin ajiya mai kama kansa, wanda zai kulle takalman da ƙarfe da zarar iska ta danna su, ko iskar ta tsiyaye ba za su saki ba. Jiragen fasinja na zamani sun daɗe da irin wannan, da sifirin da ke kamewa idan iska ta ƙare. Abin da ya hana na kaya shi ne wa zai biya. Taragan kaya a Arewacin Amurka sun haura miliyan ɗaya da rabi, kuma yawancinsu ba na kamfanonin jirgin ba ne, na masu ba da haya ne da masu kaya. Tarago yana iya yin shekara 40 ko 50 yana aiki. Mai tarago zai kashe kuɗin, kamfanin jirgi zai ci moriyar lokacin da aka rage, garin da ke gindin tudu zai samu kwanciyar hankali, kuma babu wanda zai mayar wa na farkon ko sisi. An ga yadda ta kaya da birkin iska mai aiki da lantarki: Amurka ta wajabta shi ga jiragen mai a 2015, kamfanoni suka yi ca, aka soke dokar a 2018.

Ƙasar da yanzu take sayen taragai tana da sa'ar da waɗancan ba su da ita, domin ba ta da miliyoyin tsofaffi da za ta sauya. Nijeriya tana cikin wannan sahu, da layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, da tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala da Funtuwa inda taragai za su riƙa kwana a ajiye. A takardar oda ake yanke wannan hukunci, kuma wanda ya rubuta ta ya kamata ya tuna da ƙurar hunturu da ke cakuɗuwa da giris ta zama kamar laka, da kuma ko za a samu sarƙa da giyar canji bayan shekara goma. Araha ba ta ado, a nan ma ba ta riƙe tarago.

A Afrilun 2018, a tashar Titlagarh da ke jihar Odisha ta Indiya, aka cire kan jirgin fasinja don a mayar da shi ɗaya ƙarshen, ba a tokare taragan ba. Taragai 22 cike da mutane suka gangara cikin dare, suka yi fiye da kilomita 10. Ma'aikatan layi ne suka tsayar da su, da duwatsun da suka jera a kan dogo. Hukumar jiragen ta dakatar da mutum bakwai daga aiki.