Ruwan lagireton tsohuwar a-kori-kura: wanne za a zuba a zafin Alƙahira?



Gidaje da dama a cikinmu da a-kori-kura guda ɗaya suke cin abinci. Ita ke ɗauko kayan gwari daga kasuwar Obur da asuba, ita ke kwashe kayan ɗalibin Azhar idan ya sauya ɗaki, kuma ita muke roƙo duk lokacin rabon buhunan azumi ko naman layya a Hayyul Ashir da Ain Shams. Yawancinsu tsofaffi ne: Toyota Hilux, Nissan, Isuzu, da Chevrolet ɗin nan da Misirawa ke kira Dabbaba, wadda ake haɗawa a birnin 6 ga Oktoba. Idan injin irin wannan mota ya ƙone, kuɗin hayar gida da na makarantar yara ne suka tsaya. Abin da kuma ya fi ƙona su a nan zafi ne, shi ya sa muka ware wannan shafi kan ruwan lagireto.

A watannin Yuni zuwa Agusta zafin garin nan yakan kai digiri 40. Motar da ta ɗauki kaya ta tsaya cikin cunkoson Da'iri ko kan gadar 6 ga Oktoba ba ta samun iskar gudu, sai abin da fanka ta jawo. A wannan hali ruwan da ke zagaya injin ne kaɗai ke kwashe zafi.

Mutane da yawa sukan ce ruwan kanti na ƙasashen ƙanƙara ne, tunda a jikin galan an rubuta yana hana daskarewa, mu kuwa ina ruwanmu da ƙanƙara a Masar. Hana daskarewa ɗaya ne kawai cikin ayyukansa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan aka gauraya shi rabi da rabi da sinadarin etilin gilaikol, sai ya kai wajen digiri 107 kafin ya tafasa, idan kuma murfin lagireto na riƙe matsi yadda ya kamata, ya haura 120. Aikin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne na uku: magungunan hana tsatsa da ke cikinsa. Su ne ke kare cikin injin, da famfon ruwa, da siraran bututun lagireto.

Ruwan famfo yana da gishirin ƙasa. Duk mai dafa shayi ya san farin abin nan da ke daskarewa a gindin buta. Shi ne ke taruwa a cikin lagireto yana toshe bututu ɗaya bayan ɗaya, tsatsa na biye da shi. Motar ba ta nuna komai a watannin sanyi, sai bazara ta zo allurar zafi ta fara hawa. Saboda haka ruwan gaurayawa shi ne tataccen ruwa, wanda a nan ake kira mayya muƙaɗɗara, irin wanda ake zuba wa batir. Sai dai a kula kada a karɓi ruwan asid na batir a maimakonsa, don a wuri ɗaya ake sayar da su.

Sai maganar launi, inda rikicin yake. A kasuwa za a tambaye ka: kore ko ja? Launin rini ne kawai, kamfani ne ke zaɓar wanda ya ga dama, kuma babu dokar da ta ɗaure kowa. Abin dubawa shi ne rubutun bayan galan. Iri na farko shi ne na da, mai alamar IAT, wanda galibi kore ne. Magungunansa suna lulluɓe ƙarfe da wuri, amma suna saurin ƙarewa, don haka duk shekara 2 ake sauya shi. Na biyu mai alamar OAT ne, yawanci ja ko ruwan lemo, wanda ya bazu daga tsakiyar shekarun 1990 bayan General Motors ya fito da Dex-Cool. Yana iya kai shekara 5. Akwai kuma na tsakani, HOAT, da ya haɗa dabarun biyu. Kamfanonin Japan sun fi son mai fosfet marar siliket, na Turai kuma suna guje wa fosfet saboda yana yin guggubi idan ya haɗu da ruwa mai gishirin ƙasa. Shi ya sa jan ruwan Toyota da jan ruwan motar Jamus ba abu ɗaya ba ne, ko da ido ya ce ɗaya ne.

To wanne ya dace da tsohuwar mota? A fara da duba lagireton kansa. Idan na tagulla ne, mai nauyi, wanda saman da ƙasansa ƙarfe ne da aka liƙe da dalma, irin wanda ake kai wa mai walda ya buɗe ya soke bututunsa, to a zauna kan koren IAT na gaske. An yi OAT ne domin injinan zamani masu alminiyom, kuma bai kai na da kare dalma ba. Idan kuwa lagireton alminiyom ne mai kan roba, kamar na yawancin motocin shekarun 2000 zuwa yau, a bi abin da littafin motar ya ce. Wanda littafinsa ya ɓace, kuma mun san su ne suka fi yawa, ya tambayi wakilin kamfanin da shekarar motar da lambar injin. Wasu tsofaffin motocin an riga an sauya musu lagireto, don haka shekarar mota kaɗai ba ta isa hujja ba, sai an buɗe an gani.

Tsadar ruwa ba ta nufin ya fi dacewa. Mun ga masu tsofaffin motoci suna sayen ja don an ce ya fi daɗewa, su zuba shi a kan ragowar kore. Gauraya iri biyu yana rage ƙarfin magungunan, wani lokaci har ya yi kauri kamar kunu ya toshe hanya. Wanda bai san abin da ke cikin motarsa ba, musamman idan hannu na biyu ko na uku ya saya, ya zubar da shi duka, a wanke da ruwa har sai ya fito fes, sannan a zuba iri ɗaya. A rubuta sunan ruwan da ranar a takarda a ajiye cikin motar, saboda direba na iya sauyawa.

A shagunan Taufiƙiyya da Hirafiyyin, waɗanda su ne Ƙofar Ruwa ko Suame Magazine ɗin wannan gari, za a samu mai kauri da ake gaurayawa da kuma wanda aka riga aka gauraya, mai kashi 33 ko 50 cikin 100. Duka biyun sun isa Alƙahira. Kada a yi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, don maganin tsatsar zai yi kaɗan. Kada kuma a zuba mai kaurin zallansa da tunanin ya fi ƙarfi: ruwa ya fi gilaikol ɗaukar zafi, zallan gilaikol sai ya ƙara wa injin zafi. Wanda aka riga aka gauraya ba a ƙara masa ruwa. Akwai kuma galan masu arha ƙwarai da ruwa ne kawai da rini. Galan ɗin kirki yana faɗin kason gilaikol, da ma'aunin da ya cika, irin su ASTM D3306, kuma murfinsa a liƙe yake. Wanda bai faɗi komai ba sai launi, a bar wa mai shago kayansa.

Ruwa mai kyau ba ya gyara murfin da robarsa ta mutu. Murfin lagireto arha ne, kuma idan ba ya riƙe matsi ruwan zai tafasa da wuri komai ingancinsa. A sayi mai lamba daidai da na asali, galibi 0.9 ko 1.1. A matsa tiyo a ji ko ya yi laushi ko ya tsattsage, a duba bel ɗin fanka. Bayan iskar hamasin ta watannin Maris zuwa Mayu a wanke ƙurar da ta cushe gaban lagireto. Wasu makanikai kan ba da shawarar cire tamostat wai don ƙasar zafi ce. Ba mu goyon bayan haka. Injin da ba ya kaiwa zafin aikinsa yana shan mai, yana saurin cinyewa, kuma an ɓoye ciwon ne ba a warkar ba. Idan ya lalace a sa sabo.

Idan allura ta hau ja a hanya, a tsaya a kashe mota. Kada a buɗe murfi sai injin ya huce, aƙalla rabin awa, don tururin yana saɓule fata. Kada a kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, kan injin na iya tsagewa. A irin wannan larura ruwan sha na gora ya isa a kai mota gareji, daga baya a sauya. Idan aka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi na fita ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to gasket ɗin kan inji ne, wanda makanikan nan ke kira juwan wishshis silinda. Ci gaba da tuƙi a haka shi ke kai mutum ga sayen wani injin.

Iyaye mata, wannan sashe naku ne. Etilin gilaikol guba ne, yana da zaƙi, launinsa kuma kamar lemon kwalba. Ɗakunanmu a nan ƙanana ne, kuma masu mota sukan juye ragowar a gorar lemo su ajiye a baranda ko ƙarƙashin gado. Kaɗan daga cikinsa na lalata ƙodar yaro. Da farko yaron kan yi layi kamar mai maye, ya yi amai, daga nan ya zama kamar ya samu sauƙi alhali gubar na aiki a ciki. Kada a jira, kada a tsaya ba shi madara ko manja. A kira motar asibiti a lamba 123, ko a kai shi cibiyar kula da masu shan guba ta asibitocin Jami'ar Ain Shams, a tafi da galan ɗin don likita ya ga abin da ya sha. Ragowar ruwa ya zauna cikin galan ɗinsa na asali, a sama inda hannu ba ya kaiwa, tsohon da aka zubo daga mota kuma a bar shi a gareji, kada a kwarara shi a titi inda kyanwa da kare za su lasa.

Masu motocin da za su taimaka mana da rabon naman layya, muna roƙon a sauya ruwa a duba murfi da tiyo mako biyu kafin Sallah, don idan wani wuri zai yi yoyo bayan wankin lagireto ya bayyana tun motar ba ta ɗauki kaya ba. Wanda ba ya karanta Turanci ko Larabci ya ɗauki hoton bayan galan ɗin da waya ya nuna wa ɗaya daga cikin ɗalibanmu kafin ya biya. Allah Ya tsare hanya.